Dattijon da Na Sa Na Tara

Lokacin da na fara jera shafukan siyasa ina malamin lissafi a wata kwaleji a nan Dakoro, kuma babu aikin da hannuna ya saba da shi kamar jera mutane. Ƙarshen kowane zango sai in tara makin ɗalibai, in raba, in ce wannan ne na ɗaya, wancan ne na ƙarshe. Shi ya sa ranar da gardama ta kaure a fadarmu kan wane shafi ne mutanen yankinmu suka fi karantawa, ni aka juyo aka kalla.

Fadar tamu benci biyu ne da tabarma a gindin wata bishiyar bedi, ƙofar shagon wani abokinmu mai gyaran salula. Bayan la'asar muke haɗuwa a dafa shayi. A shekarun nan duk wanda ya iya haɗa jimla biyu ya buɗe shafi a intanet yana sharhi kan siyasa. Wani yana yabon magajin gari, wani yana tsine masa, wani kuma aikinsa kawai ɗaukar hoton ramukan hanya. Kowa a fadar yana da gwaninsa.

Mai shagon ya ce, "Mushe, kai ne mai lissafi. Ka ƙirga muna mu huta da wannan surutu." Mushe ake ce wa malamin boko a nan.

Da wasa na karɓa. Na sami sabon kaye, wato littafin rubutu, na ja layuka. Na zaɓi shafuka goma na ƴan yankinmu, na rubuta yawan mabiyan kowanne, da yawan masu danna babban yatsa, da masu sharhi, da masu turawa gaba. Na ba kowane abu nauyinsa, na tara, na raba. Da na gama sai na sa sakamakon a nawa ɗan shafin, wanda har lokacin ba mai leƙa shi sai abokan aiki da ƙannen matata.

Kafin kwana biyu jerin ya zagaye gari. Mutanen da ban sani ba suna tare ni a tasha suna tambaya yaushe na wata mai zuwa zai fito. Wani kansila da bai taɓa amsa gaisuwata da kyau ba ya tsayar da babur ɗinsa ya miƙo mini hannu. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo, ban taɓa ganin manya suna jiran abin da zan rubuta ba.

Tun a watan farko na san lissafin yana da ramuka. Ranar da rezo, wato sadarwar salula, ya yi rauni, shafin da ya ƙi buɗewa sai in ɗauki adadin watan jiya in ɗan ƙara ko in rage da ka. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba. Sannan akwai maganar wanda ke zuwa na ɗaya kullum, wani saurayi ɗan garinmu da ke zaune a Yamai. Rubutunsa gajere ne, zagi ne tsantsa, kuma mabiyansa sun ninka na kowa. Wata rana na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu sunayensu an rubuta su da wasu baƙaƙen da ban ma san na wace ƙasa ba ne, hotunansu na wasu fararen mata a bakin teku. Mutanen da ba su san inda Dakoro take ba, ba su jin Hausa, ba su jin Faransanci, wai su ne masu bibiyar rikicin kasuwar dabbobinmu. Mai shagon salula ya kalla ya yi dariya, ya ce sayen su ake yi. Na rufe bakina, domin duk wata saurayin yana tura jerin nawa a shafinsa, kuma ta nan rabin masu karanta ni suka zo.

A cikin goman akwai wani dattijo. Ya yi aikin rigakafin dabbobi har ya yi ritaya, ya yi yawo daga kwarin Tarka zuwa iyakar arewa, yana jin Fulatanci da yaren Buzaye kamar da su aka haife shi. Ya zauna a wani ƙauye wajen Azagor. Shafinsa ba shi da ado. Rubutu ne dogo, babu waƙafi, kalmomi a haɗe, wani lokaci sai ka karanta layi sau biyu. Amma abin da yake faɗa ba ka jinsa a wani wuri. Shi zai gaya maka wane burtali aka nome bana, wa ya sa hannu aka yanka hurumi aka mai da shi gona, dusar da aka yi wa makiyaya alkawari lokacin kamfe ina ta tsaya, wace rijiya ce aka ce an gyara alhali guga ba ya kaiwa ruwa. Ba ya zagi. In ya ambaci mutum, to ya je ya same shi ya ji ta bakinsa tukuna, ko da zai ɗauki mako biyu.

A watanni ukun farko yana zuwa na biyar ko na shida, kuma haka lissafin ya ba shi.

Sai na yi wani rubutu a shafina. Lokacin na fara jin cewa ni ma mai sharhi ne, ba mai ƙirga kawai ba. Na yabi wata majalisar ƙaramar hukuma, na ce ita ta haƙa wata rijiya a hanyar Tagriss. Wani ne ya gaya mini a fada, ban bincika ba. Dattijon ya zo ƙarƙashin rubutun ya sa layi biyu. Ya ce, "Mushe, a yi haƙuri. Wannan rijiya na sha ruwanta tun ba a haife ka ba. Bakin kawai suka shafe da siminti."

Babu zagi a ciki. Amma mutane suka yi ta dariya a ƙasa. Wani tsohon ɗalibina ya rubuta cewa yau an ba Mushe sifiri. Washegari a ɗakin malamai wani ya ɗaga kofin ruwa ya tambaye ni ko wannan ma majalisar ce ta haƙa. Na yi dariyar dole tare da su.

Ƙarshen watan na buɗe kaye. Dattijon ya fito na shida. Na daɗe ina kallon lambar. Ban goge komai ba, ban ƙirƙiri adadi ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina daga baya. Abin da na yi shi ne na ƙara sabon layi, na kira shi yawan rubutu a mako, na ba shi nauyi mai yawa. Na san sarai mutum ɗaya ne a cikin goman ke yin mako biyu bai rubuta komai ba. Da na sake tarawa sai ya faɗo na tara. Na rubuta a saman jerin cewa an inganta hanyar lissafi don a ƙara adalci. Mutane suka yaba mini.

Bayan wata biyu aka yi wa kawuna haihuwa, ƙanen mahaifiyata, makiyayi ne a wajen Tagriss. Na hau babur na tafi suna. Da hantsi, bayan an watse, na bi shi rijiya. Rani ne, raƙuma da jakuna suna jan guga, garke uku ko huɗu suna jiran layi. A inuwar wata ƙaya mutane sun kai ashirin a zaune, maza da ƴan mata masu jiran cika jarka. A tsakiyarsu an jingina wata ƙaramar salula mai maɓalli a jikin takalmi, murya tana fita daga cikinta. Na matsa. Muryar dattijo ce, a hankali, yana bayani kan wani taro da aka yi a meri, ofishin magajin gari, game da kuɗin shiga kasuwar dabbobi. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Fulatanci, ya sake da yaren Buzaye.

Na tambayi kawu ko wane ne.

Ya ce, "Malamin dabbobi mana. Ba ka san shi ba? Ai ku ne masu salula."

Ashe dattijon nan ne na cikin jerina. Duk abin da ya rubuta a shafinsa sai ya karanta shi da baki ya tura a saƙon murya. Mutum ɗaya da ya je inda ake samun rezo ya sauke, ya zo ya zuba wa wasu a katin salula, su ma su kai wata rijiyar. Babu wanda ya danna babban yatsa a cikinsu. Da yawansu ba su taɓa ganin shafin da idonsu ba.

Kawu ya ce, "Mu dai in bai hwaɗa ba, ba mu ɗaga sanda. Rediyo ma sai mun ji ta bakinsa muke yarda."

Na ambaci sunan saurayin nan na Yamai, na ɗayana, na tambaya ko sun san shi. Kawu ya juya ya tambayi na kusa da shi. Babu wanda ya taɓa jin sunan.

A hanyar dawowa na yanke shawara zan gyara. Zan cire layin da na ƙara, zan rubuta abin da na gani a rijiya, in ce lissafina ba ya ganin waɗannan mutane. Har na tsara jimlolin a kaina. Da na iso gida na ba matata labari, ina wanke ƙafa tana yankan kuɓewa. Ita kaɗai ta san maganar layin, domin ta ga lokacin da nake jansa.

Ta ce, "To ka gyara mana."

Na ce zan gyara, amma in na canza hanyar lissafi sau biyu cikin wata uku mutane za su ce ban san abin da nake yi ba. Gara in bari sabuwar shekara.

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, kai dai har yanzu gyaran da ya yi maka kan rijiyar nan ne ke cinka." Ta ci gaba da aikinta. Ban gyara ba.

Ana nan sai wata mata ta kira ni daga Maradi. Ta ce tana aiki da wani furoje, shirin wata ƙungiya mai neman sasanta manoma da makiyaya, za su yi taron bita na kwana uku, suna son gayyatar masu shafukan da jama'a suka fi saurara. Ta ce sun ga jerina, sun ɗauki biyar na sama, da ni na shida. Sannan ta yi tambayar da har yau nake jinta a kunnena.

"Mushe, kai ka san yankin. Akwai wanda ya kamata mu ƙara, wanda bai fito a saman ba?"

Ina tsaye a farfajiyar makaranta, alli a hannuna. Fuskar kawu ta zo mini, da salular nan a jikin takalmi. Na ce mata a'a, biyar ɗin nan su ne.

Muka je Maradi muka kwana uku muna maganar burtali. A cikinmu shida babu wanda zai iya nuna burtali ɗaya a taswirar da aka manna a bango. Saurayin Yamai ya shafe taron yana ɗaukar hoton kansa. Aka ba mu takardar shaida, aka ɗauke mu hoto, muka sa a shafukanmu.

Wannan hoton ne dattijon ya gani.

Ranar kasuwar Dakoro na je sayen igiya a gefen kasuwar dabbobi sai na ji an yi mini sallama. Wani mutum ne siriri, dogo, da rawani fari da ya sha wanki, gilashinsa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Muryar na gane kafin fuskar. Na ɗauka ya zo faɗa ne. Na ma fi son ya zo da faɗa.

Ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce ya daɗe yana son ganina. Ya ce ya san wata rana ya yi mini gyara a gaban mutane, daga baya ya ga bai kyauta ba, kamata ya yi ya kira ni gefe. Na ce ba komai, Baba, na ma manta.

Muka koma inuwar wata rumfa. Ya ciro wata takarda daga aljihu, ya warware. Jerina ne na watanni bakwai, ya kwafe da alƙalamin bik, ya ja layi ƙarƙashin sunan shafinsa a kowanne.

Ya ce, "Mushe, ni ban yi karatun lakwal mai nisa ba. Kai ka san lissahi. Ka duba mini, mi nika yi ba daidai ba? Ba don taron ba, wallahi. Amma in mutane ba su karantawa, to wahalar banza nika yi. Ina hawa babur yini guda don in tabbatar da magana ɗaya."

Bai yi shakkar lambar ba ko kaɗan. Mutumin da ba ya yarda da maganar kansila sai ya je ya gani da idonsa, ya yarda da tawa saboda ta zo da lambobi kuma malamin makaranta ne ya rubuta.

A nan ne ya kamata in faɗa masa. Babu kowa kusa sai mai rumfar, shi ma yana ciniki. Jimla uku sun isa: ni na ƙara layi don in hukunta ka, na ɗaya mabiyansa na saye ne, kuma na ga yadda ake sauraronka a rijiya. Maimakon haka sai na gyara zama na zama malami. Na ce rubutunsa ya yi tsawo. Na ce zamanin yanzu sauri ake so, wanda ya fara faɗa shi ake bi, in ka tsaya bincike mako biyu wasu sun riga sun kwashe mutane. Na ce ya riƙa rubutawa kullum, ko da layi uku ne.

Yana ji yana gyaɗa kai. Ya juya takardar ya rubuta a bayanta: gajere, kullum, da wuri. Ya yi mini godiya har sau uku, ya sa mini albarka. Da zai tafi ya saya mini cuku biyu, busasshen nonon nan na makiyaya, a hannun wata mata ya ce in kai wa iyali. Na karɓa.

Daga nan shafinsa ya canza. Rubutu ya riƙa fitowa kusan kullum, gajere. Wani lokaci sai ka ga ya ce an ce, ko labari ya zo mana, kalmomin da da can ba ya amfani da su. A jerina ya hau na bakwai, sannan na shida. Ya turo mini saƙo yana cewa shawarata ta yi amfani.

Kaka ta zo. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san nauyin waɗannan makonni. An cire gero amma wake yana gona, makiyaya suna arewa ciyawa ta fara ƙarewa, tabkuna suna bushewa, kowa yana jiran ranar da hukuma za ta ce an saki gonaki, dabbobi su gangaro su ci kara. In aka gangaro kafin ranar, akwai fitina.

Wata safiya dattijon ya rubuta layi uku, ya kuma tura da murya. Ya ce labari ya zo masa an yi taro an matso da ranar sakin gonaki, daga jibi an saki. Daga baya na ji yadda aka yi. Wani direba ne da ya fito daga Dakoro ya gaya masa a tasha. An yi taron da gaske, an kuma kawo shawarar a matso da ranar, amma ba a amince ba. A da, da sai ya hau babur ya zo ya tambaya a ofishin farfe, shugaban gundumar. Wannan karon ya so ya riga kowa.

Kafin a ƙaryata, saƙon ya riga ya bi rijiyoyi. Gyaran da ya tura washegari bai yi gudun na farkon ba. Wasu garkuna suka taso. A wani ƙauye wajen Kornaka shanu suka shiga gonakin wake da ba a rore ba. Manoma suka fito, makiyayan suna rantsuwa an saki, suna kunna musu muryar a salula. Aka yi faɗa. Aka sari wani manomi a hannu, aka fasa wa wani makiyayi kai, aka kai su likita. Jandarmomi suka zo suka tsare dabbobi. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma manomin har yau yatsunsa biyu ba sa lanƙwasawa, haka wani abokin aikina ɗan ƙauyen ya gaya mini.

Rubutun nan na layi uku ya fi duk abin da dattijon ya taɓa rubutawa samun sharhi. Mutane suka yi ta turawa, wasu don su zage shi, wasu don su kare shi. Ƙarshen wata na buɗe kaye kamar yadda na saba, na tara, na raba. Ya fito na uku. Na zauna ina kallon lambar. Matata ta leƙo ta kafaɗata ta gani. Ta ɗauki tulunta ta fita.

Ban fitar da jerin watan ba. Na rubuta cewa aikin makaranta ya yi mini yawa, na dakata. Ko a nan ban faɗi gaskiya ba.

Shi kuwa ya faɗa. Ya tura saƙon murya mai tsawo da harsuna uku. Ya ce shi ya yi kuskure, bai bincika ba, kada a zargi direban, kada a zargi makiyayan da suka yarda da shi. Ya nemi gafarar waɗanda aka ji wa ciwo. Ya je ƙauyen da ƙafarsa ya durƙusa gaban mai gari. Sannan ya ce ya rufe shafin. Bai ambace ni ba.

Da na haɗu da kawu bayan watanni na tambaye shi wa suke saurara yanzu. Ya ce babu. Kowa da abin da ya ji a kasuwa.

Sai da damina ta zagayo na iya zuwa wurinsa. Sau biyu ina shiryawa ina fasawa. Na uku matata ce ta ɗauko mini makullin babur ta ajiye a gabana. Na isa ƙauyen da azahar, na tarar da shi a bayan gida yana yi wa wata akuya maganin ƙafa, mai ita na tsaye. Ya rame. Ya yi murna da ganina, ya sa aka kawo fura.

Da mai akuyar ya tafi na faɗa masa komai. Na fara da rijiyar da ya yi mini gyara, na zo kan layin da na ƙara, da mabiyan saye, da abin da na gani a Tagriss, da matar furoje, da shawarar da na ba shi a rumfa alhali na san ƙarya ce. Ban ɗaga kai ba har na gama.

Ya cire gilashin ya goge da bakin rawani.

Ya ce, "Wato na shida nike."

Na ce eh, a lissafin. Amma lissafin ma ba ya nuna komai.

Ya ce, "Mutum nawa ka ce ka gani a rijiyar?"

Na ce sun kai ashirin.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce ya san ana ji, amma ya ɗauka tsofaffin abokansa ne kawai, don kara. Bai taɓa zama ya ga baƙi suna saurare ba, domin duk inda ya je sai a kashe salular a ce ga shi nan da kansa.

Sannan ya ce, "Mushe, maganar sakin gonaki ni na rubuta ta. Ba kai ka riƙe mini hannu ba. Shekaruna sun kai in san ba a hwaɗin abin da ba a gani ba. Wannan nawa ne, kada ka ɗauka." Ya mai da gilashin idonsa. "Amma ranar kasuwa na zo maka da takarda a hannu. Na tambaye ka tsakani da Allah. Wannan kam naka ne."

Na ce na sani, Baba. Na roƙe shi ya yafe mini.

Ya ce ya yafe, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma da na ce ya sake buɗe shafin, zan rubuta gaskiyar abin da ya faru kowa ya karanta, sai ya girgiza kai. Ya ce in rubuta in ina so, wannan tsakanina da Allah ne, amma shi ya gama. Ya ce mutum ya taso da garkensa saboda muryarsa, ya kwana a likita. Ko an ce masa shi ne na ɗaya a duniya, ba zai iya sake danna salular nan ya yi magana ba.

Ya raka ni har bakin hanya. Hadari yana haɗowa daga gabas, ya ce in yi sauri kada kwari ya cika ya tare ni.

Na dawo da niyyar rubutawa a makon. Na fara sau da yawa. Kullum sai in tsaya a wurin layin da na ƙara, in ga kamar zan iya faɗinsa ta hanyar da ba zan fito mummuna sosai ba, sai in ga babu wannan hanyar, in rufe. Aka canza mini makaranta, aka haifa mana ɗiya ta uku, abubuwa suka bi ta kai. Wani matashi ya ɗauki aikin jera shafukan, har ya zo neman shawarata kan nauyin da zai ba kowane layi. Na ce masa ya bari, abin ba shi da amfani. Ya ɗauka hassada ce, ya ci gaba.

Dattijon yana nan da rai. Idonsa ya yi rauni, ya daina hawa babur. Bara da azumi na aika masa da sukari da shayi ta hannun wani mai mota, ya aiko a ce ya gode, yana gaida yara. Ban koma ba. Matata ta ce in tafi da wannan rubutun in karanta masa da bakina kafin kowa ya gani, tunda shi ba ya iya karatu yanzu. Na ce mata to, in an yi hutu.